Hannunki na Dama, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin rahama, a makwancin da ya fi ɗakinki na unguwar Liman Abaji sanyi da yalwa. Mu muna nan Keffi, a gidan da kika bar mu. Baban Walida yana gaishe ki, ko da yake ba ku taɓa ganin juna ba. Walida kuwa takwararki ce, shi ya sa ba na kiran sunanta na yanka. Shekararta goma sha biyar, ta ɗauko goshinki, ta ɗauko taurin kanki.

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwarki, ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba. Yau ma ba hira na zo yi ba. Tambaya ce da ni, kuma na san ba za ki amsa ba, don ko kina raye ba amsawa za ki yi ba. A shafina zan sa wannan takarda, inda na saba sa hotunan kitso, mutane za su karanta. Ki yi haƙuri da wannan tun yanzu.

Inna, ina da kansar mama, a nonon dama.

Bara bayan ƙaramar Salla na ji ƙullutu ina wanka. Na share, na ce zai baje. Sai wata rana ina yi wa wata ɗalibar jami'a shuku, na ɗaga hannu zan ja tsaga, na ji wani abu ya tokare ni a hammata. Na laluba, na ji kaluluwa kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi, ba ciwo a yatsa ko a hannu da zai sa ta fito. Sai na tafi asibiti.

Likitar da aka tura ni wurinta a Abuja mace ce, 'yar siririya, ba ta gaggawar magana. Ta sa aka ɗebi nama da allura daga ƙullutun da kuma kaluluwar, duka biyu suka nuna ciwon. Ta tambaye ni ko akwai wadda ta taɓa yin irin wannan a danginmu. Na ce babu. Ta ce uwa fa, ko ƙanwar uwa, ko kaka? Na ce wallahi babu, mahaifiyata tari ne ya kashe ta. Har rantsuwa na yi, Inna, kuma ta rubuta a fayil.

Ta ce ba za a fara da tiyata ba, magani za a fara sa mini ta jijiya, wanda suke kira kemo, don ƙullutun ya motse. Sau takwas na yi, duk bayan sati uku, mu bi cunkoson Mararaba da Masaka mu je, mu dawo ina amai a leda. Gashina ya zube tas tun a na biyu. Ki duba fa, makitsiya 'yar makitsiya, kai kamar ƙwarya. Na ɗaura ɗankwali na ci gaba da kitso a ranakun da jiki ya yarda, don yatsuna ba su ƙi ni ba.

Bayan na shida na nemi ƙullutun na rasa. Na nemi kaluluwar na rasa. Likita ta laluba, aka yi hoto, ita ma ba ta ga komai ba. Na dawo gida na dafa shinkafa tukunya guda na raba wa maƙwabta, na ce na warke.

Da na koma bayan na takwas, sai ta ce to yanzu sai maganar aiki. Na ce wane aiki kuma? Me za ku yanka, abin da babu? Ta ce hannu da hoto ba sa ganin komai da komai. Za a cire gurbin da ƙullutun ya zauna, wannan mai sauƙi ne, nonon zai tsaya. Babbar maganar ita ce hammata.

Bari in gaya miki yadda ta yi mini bayani, don na san ke ba wanda ya tsaya ya yi miki. Ta ce a hammatar kowane mutum akwai 'yan ƙwayoyi da yawa, su ne idan sun kumbura muke cewa kaluluwa. Ta cikinsu ruwan nono da ruwan hannu suke bi su tace. Idan ciwon zai bar nono, wurinsu yake fara zuwa. A da, in ji ta, kwashe su ake yi gaba ɗaya. Yanzu, ga mace irina da magani ya yi wa aiki, sai a yi allurar wani ruwa shuɗi a nonon ana dab da fara aiki, a bi sawunsa. Waɗanda suka fara shan launin, su ne na bakin hanya. Su za a cire, uku ko huɗu, a kai ɗakin gwaji. Idan an same su tas, a bar sauran. Idan an sami ragowar ciwo ko kaɗan ne, sai an koma an kwashe sauran.

Na ce to me ya sa ba za ku kwashe su duka yanzu kowa ya huta ba? Ta ce saboda hannunki. Idan aka kwashe su, ruwan hannu yakan rasa hanya, wasu matan hannun ya kumbura, kuma idan ya zauna ba ya komawa yadda yake. Ta ce tunda da hannu kike ci, gara ki gani da idonki. Ta juyo mini da kwamfutarta.

Inna, hannunki ne.

Ba fuska a hoton, daga kafaɗa ne zuwa yatsu, kuma matar ma fara ce. Amma na san wannan damtsen da ya kai cinya. Na san wuyan hannun da ya ɓace, ya bar layi kamar an ɗaure da zare. Na san bayan hannun da ya taso, da fatar da take ƙyalli. Shekara shida ina shafa wa wannan hannu man kaɗanya. Likita tana ta magana, ni kunnena ya toshe. Ta taɓa ni ta ce lafiya? Na buɗe baki in ce mata mahaifiyata karyewa ta yi, maganar ta ƙi fita.

Ai haka kuka gaya mana, ke da Baba, Allah ya jiƙansa. Ina shekara goma sha biyu kika ɗaure kayanki kika ce za ki Garaku jinyar Goggo Asabe, ƙanwar Baba. Wata huɗu kika yi. Kika dawo a rame, hannun dama a maƙale a jiki. Aka ce santsi ya kwashe ki a hanyar rafi, kika karye, mai ɗori ya ɓata ɗorin. Muka yi ta tsine wa mai ɗorin Garaku, mutumin da ashe ba a taɓa haifarsa ba.

Muka fito daga ofishin likita, ni da Baban Walida, muka kama hanyar gida. Ina zaune a mota abubuwa suna ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Kafin Garaku da ɗaurin ƙirji kike kitso, kamar kowace mace a tsakar gidanta. Bayan Garaku ban sake ganin kafaɗarki ba. Riga mai dogon hannu, a zafin Keffi na watan uku, gumi yana bin wuyanki. Na ɗauka tsoron Allah ne ya ƙaru.

Ba ki sake shiga wanka ba sai kin tura mu aike. Ba ki sake barin kowa ya wanke miki 'yar rigar ciki ba, ke da hannu ɗaya.

Sannan munduwa. Kin tuna ranar da aka kira maƙeri? Munduwarki ta azurfa, ta kakarki, ta nutse a cikin nama, an sa sabulu an sa mai ta ƙi fita. Ya zo da 'yar zartonsa, ya cusa tsinken kara a ƙarƙashi don kada ya yanke ki. Kika kau da kai kina kallon bango har ya gama. Da ta buɗe kika miƙo mini ba tare da kin dube ni ba, kika ce, “Ke wannan, adana.” Haka kike kirana, ni 'yar fari, sunana bai taɓa fita daga bakinki ba.

Sai kitso. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Sati biyu da dawowarki kika zaunar da ni a bayan Mama Saratu, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Mada, wadda take zuwa duk Asabar a gyara mata kai don zuwa coci. Kika ba ni kibiyar tsaga. Ban taɓa cewa ina son kitso ba, ni malamar makaranta nake so in zama. Tsaga ta karkace ki buge mini hannu da mataji. Na ja da ƙarfi ki buge. Na saki ki buge. Kalaba, shuku, doka, abin da wasu suke koya a shekara uku kika ɗura mini a wata shida. In na yi kuka, magana ɗaya ce a bakinki: “Ki koya tun ina iya nuna miki.”

Na tsane ki a wannan shekarar, Inna. Ina faɗa ne don gaskiya na zo faɗa. Ƙawayena suna dandali, ni ina durƙushe a kan kawunan mata, ke kuma kina gefe da hannu a kan filo kina gyara mini da baki. Kuma akwai ranar da na gaya miki maganar nan. Kin san ta. Ina shekara goma sha huɗu, jajibirin Salla, mata bakwai suna jira, bayana kamar zai tsage. Kika ce tsagar ba ta miƙe ba. Na jefar da kibiya na ce, “To ki zo ki yi mana, tunda kin ajiye hannu kina kiwonsa.” A gaban mata na faɗa. Ba ki mare ni ba. Kika tashi kika shiga ɗaki, kika sako labule. Na ɗauka na ci nasara.

Kwana biyu bayan ganin hoton na hau mota zuwa Garaku. Goggo Asabe tana nan, ta tsufa ƙwarai, na same ta a inuwar mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ita ta yi miki wanka ranar da kika rasu. Ina shekara goma sha takwas a lokacin, na zo zan shiga in zuba ruwa, ta tare ƙofa da jikinta ta ce in koma. Na riƙe ta da wannan shekaru da yawa.

Bayan mun gaisa na ce, Goggo, wane rafi ne Inna ta faɗi? Ta ce abin ya daɗe. Na ce mai ɗorin fa, ya sunansa? Ta ce ya mutu. Na ce ranar da kika yi mata wanka, me kika gani? Ta ajiye gyaɗar ta dube ni, ta ce, “Rakiya, ke ba yarinya ba ce. Mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani.”

Sai na zare ɗankwalina. Ba ta san ina ciwo ba, kin ga ni ma na gado ki, wata takwas ina ɓoye wa dangi. Ta ga kaina, ɗan gashin da ya fara tsirowa kamar na jariri. Na kama hannunta na ɗora a hammatata, na ce nan za su yanka ranar Talata, kuma sun tambaye ni ko akwai shi a danginmu, na rantse na ce babu.

Goggo ta yi salati. Sannan ta ce, “Abin da na gani a wurin wanka amana ce, da ita za a binne ni. Amma abin da na gani a Jos da raina da nata, wannan zan gaya miki.”

Asibitin Jos, Inna. Ko kwana uku ba ki yi a Garaku ba.

Ta ce nonon dama gaba ɗaya suka cire, suka kwashe hammatar har sai da ta yi rami. Ta ce ita ta ɗinka miki ƙunshin auduga da ƙyallen atamfa, guda biyu, don in an wanke ɗaya a sa ɗaya. Ta ce tun kuna asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta gaya miki hannun zai iya kumbura, ki rage aiki da shi. A motar dawowa ba ki yi maganar nono ba, ba ki yi maganar mutuwa ba, lissafin wata nawa zai ɗauke ki ki koya mini kitso kike yi. Tarin da ya tafi da ke ma, in ji ta, ciwon ne ya dawo ta huhu.

Na ce me ya sa? Me ya sa ba a gaya mana ba? Ta ce ke kika sa ta dafa Alƙur'ani. Kika ce makitsiya a cinyarta mata suke ɗora kai, in aka ji kina da ciwon daji babu wadda za ta sake kwantar da kanta a jikinki, ko a jikin 'yarki, za a ce ana ɗauka. Kika ce kuma kina da 'ya'ya mata, ba kya so a riƙa nuna gidan ana cewa a jininsu yake.

Na zauna a ƙasa a gaban Goggo. Ban yi kuka ba a lokacin. Mamaki ne ya cika ni, har yanzu ma shi ne. Shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya. Ni nake shafa miki mai daga yatsu zuwa gwiwar hannu, in na zo damtse ki ce ya isa. Tazarar tafin hannu ɗaya ce tsakanin yatsuna da tabon, ban taɓa sani ba.

Ranar aiki, kafin a shiga da ni, na ce wa likita a gyara fayil, ƙarya na yi mata ba da sanina ba. Ta ja layi a kan abin da ta rubuta, ta sake rubutawa. Ta ce ƙannena mata su zo a duba su, Walida ma in ta girma a riƙa sa ido. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ba ni ce ta farko ba.

Na farka da bandeji biyu, ɗaya a nono ɗaya a hammata. An gaya mini tun farko fitsarina zai canza launi, amma da na gani sai da na tsorata, shuɗi-shuɗi, kamar an jiƙa bular wanki. Gefen nonon ma ya yi shuɗi, har yau bai gama fita ba. Likita ta zo zagaye ta ɗaga mini yatsu huɗu. Ta ce huɗu suka sha launi, huɗun ta cire, sauran suna nan ba ta taɓa su ba. A ido dai lafiya suke, amma sai abin da ɗakin gwaji ya ce.

Kwana goma sha shida na yi ina jira. A cikinsu ne na buɗe akwati na ɗauko munduwarki. Tana nan yadda maƙeri ya bar ta, da bakin yanka. Kullum da safe bayan na idar da salla sai in zura ta a hannun dama in matse, in ga ko bakunan biyu za su haɗu. Suna haɗuwa, har da sauran wuri. In cire in mayar. Baban Walida ya gan ni sau ɗaya, ya fita ya ja mini ƙofa.

A cikin akwatin na ga hotonmu, wanda aka ɗauka a Sallar da ta biyo bayan yanke munduwar. Shi kaɗai ne hoton da muke tare. Kin jawo ni kin tsayar a gabanki, ta ɓangaren dama, jikina a manne da naki. Duk tsawon shekarun nan ina nuna wa mutane ina cewa ku ga ranar da Inna ta manta da kunyar 'yar fari. Yanzu na duba da kyau. Hannun kike ɓoyewa a bayana. Na daɗe ina kallo ina jin haushi, daga baya na lura da hannunki na hagu, yana kan kafaɗata, yatsun sun kama rigata. Wannan ba ɓuya ba ne, shi na riƙe.

Ranar Alhamis da ta wuce muka koma karɓar sakamako. Na shiga da ƙarfina, har da kwalli. Ina ganin likita ta jawo kujerarta ta dawo kusa da ni, na san ba lafiya.

Uku tas suke. Ta huɗun akwai ragowa a ciki, abin da bai fi ƙwayar gero ba.

Na ce gero? Kemo takwas, gashina, amai a leda, duk ya cinye ƙullutu kamar ƙwai ya bar gero? Ta ce maganin ya yi aiki sosai, kuma da ba a bi launin nan an duba ba, da an rufe ni da shi. Amma tunda ta bakin hanya ba ta fita tas ba, ba za ta iya rantsuwa a kan na bayanta ba. Sai an koma an kwashe. Ta ce ba kowace mace ce hannunta yake kumbura ba, da yawa ba ya yi. Ta ce yanzu akwai motsa hannu da za a koya mini, akwai safar hannu mai matsewa, kuma in na ga alama in zo da wuri, ba irin zamaninki ba ne. Na ce za ki iya yi mini alkawari? Ta ce a'a, ba za ta yi mini ƙarya ba.

Na ji duk abin da ta ce. Amma a hanya, daga Nyanya har Keffi, hannuna na dama na ɗora a cinya ina kallo. Ban taɓa tsayawa na dube shi ba sai ranar. Akwai kanta a gefen yatsan da nake ja da gashi. Akwai jijiyoyi a bayansa, ana ganinsu ɗaya ɗaya. Da shi na yi wa ƙannena kayan ɗaki, da shi nake biya wa Walida makaranta. Talata mai zuwa ta sama za a koma.

Shekaranjiya Asabar Mama Saratu ta zo. Tana nan da ranta, Inna, gashin ya yi fari ya kuma ragu, amma ba ta fasa ba, duk sati sai ta zo. Ta zauna a tabarma ta kwance ɗankwali. Na ɗauki kibiya, sai na ji bakina ya kira Walida. Tana ɗaki tana karatun jarrabawa, ita ma'aikaciyar jinya take so ta zama, ba ta taɓa riƙe kibiya ba, ni na hana ta. Na rantse tun tana goye ba za ta durƙusa a kan kowa ba.

Ta fito da littafi a hannu. Na ce ajiye, zauna nan. Ta ce Umma, jibi muke da jarrabawa. Na ce zauna na ce. Na ba ta kibiya, na ce ja tsaga daga goshi zuwa ƙeya. Ta ja, ta karkace. Na ce sake. Ta sake, ta karkace. Ban san lokacin da mataji ya sauka a bayan hannunta ba. Ta ɗago ido cike da hawaye ta ce, ni me na yi miki? Na ce, “Ki koya tun ina iya nuna miki.”

Da muryarki ta fito, Inna. Har inda kike jan numfashi a tsakiya.

Mama Saratu ba ta ɗago kai ba, da Hausarta ta ce, “A kan kaina ɗin nan uwarki ta gaya miki haka. Ni ban tambaye ta ba, na yi shiru. Yau ba zan yi shiru ba. Rakiya, mene ne?”

Matajin ya faɗi daga hannuna. Na dubi Walida tana murza bayan hannunta, tana yi mini irin kallon da na yi miki shekara shida. Ta san ba ni da lafiya, amma abin da muka gaya mata shi ne wani ƙari ne aka cire, an gama. Na ga labulen ɗakina yana motsi, na ga yadda zan tashi in shiga in sako shi, in bar ta da tsanata har ta kai shekara arba'in da ɗaya. Sauƙin abin ne ya ba ni tsoro.

Na tashi na shiga ɗakin, amma na riƙo hannunta, na ce Mama Saratu ita ma ta taso. Na cire riga. Na nuna musu tabon nono, da shuɗin da bai fita ba, da ɗinkin hammata. Na kira ciwon da sunansa. Na gaya musu huɗu aka cire, ɗaya ta ci amana, za a koma. Na ɗauko hotonmu da munduwa, na ba Walida labarin Jos, da ƙunshin auduga, da mai ɗorin da babu shi. Mama Saratu ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da zane. Ta ce ko da ta sani, da ba ta fasa ɗora kanta a cinyarki ba.

Walida ba ta yi kuka ba. Ta kama hannuna na dama tana juya shi, ta dubi ciki ta dubi baya. Ta ce, “Umma, shi ke nan dalilin?” Na ce shi ke nan. Na ce koma ki yi karatunki, na janye, ba dole. Ta ce za ta koma, amma tsagar tana nan a karkace, ba za a bar Mama ta je coci haka ba. Muka fito, ta ɗauki kibiya. Sau biyar ta ja kafin ta miƙe. Na zauna a gefe, na sa matajin a ƙarƙashin cinyata.

To ga tambayar da na zo da ita, Inna. Ranar da na ce kin ajiye hannu kina kiwonsa, kika shiga ɗaki kika sako labule, me kika yi a ciki? Ina ta tunani tun daga Garaku. Ni ina waje ina ƙarasa kan mata bakwai ina jin kaina, ke kina ciki da audugar Goggo a ƙirji. Kalma ɗaya da kin faɗa, da na faɗi a ƙafarki. Ina jin haushinki a kan wannan, ba zan ɓoye ba. Amma shekaranjiya na tsaya a bakin wannan labulen, na san nauyinsa. Ki yafe mini maganar nan. Ki yafe mini kuma asirinki da na buɗe, jikarki ce take buƙatarsa.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya sa shekara shidan nan da kika ɗauka ke kaɗai su zama kaffara. Allah ya tashe ki da jikinki cikakke, da hannuwanki biyu daidai, ya sa miki abin da ya fi azurfa a wuyan hannun da aka yanke wa munduwa. Ni kuma Allah ya ba likitata sa'a ranar Talata, ya bar mini hannuna in akwai alheri a barinsa. In kuma irin naki aka rubuta mini, Allah ya ba ni haƙurinki, ya raba ni da shirunki.

Yau da safe na gwada munduwar. Bakunan sun haɗu. Na ba Walida ta adana, na ce bayan Talata ita za ta riƙa gwada mini, kuma duk abin da ta gani ta faɗa.

Wassalam.

Taki har abada,
'yarki ta fari, wadda kike kira “Ke wannan”.